Kujerun robar da mahaifinmu ya bari: yadda za a gane wanda ya ƙera su

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Bayan rasuwar mahaifinmu muna gyaran sito a gidanmu na Barnawa a Kaduna, sai muka tarar da tsofaffin kujerun roba guda shida. Huɗu ruwan lemo ne masu ƙafafun ƙarfe, ana ɗora su kan juna. Biyu kuma masu hannu ne, sun yi zurfi kamar ƙwarya, launinsu ruwan madara, kuma in an duba da kyau ana ganin wasu siraran zaruruwa a cikin jikinsu. Mama ta ce a gwanjo ya saye su, tun yana aiki a masaƙa a Kakuri, kafin a haife ni. Wani dillali ya ga hotonsu ya ce zai kwashe duka, yayana kuma ya ce a kai su Panteka a fesa musu fenti. Na haɗo maka da hotonsu. Ta yaya zan gane ƙasar da aka yi su, da kamfanin da ya yi su, da shekarunsu?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin komai, ki roƙi yayanki ya dakata da maganar fenti, dillalin ma ki ce masa ya saurara tukuna. Duk abin da zai gaya miki asalin kujerun nan yana jikinsu, kuma samfefa da fenti na wuni ɗaya sun isa su shafe shi har abada. Na yi shekaru a sashen zubi na wata masana'antar roba kafin na koma gyaran tsofaffin kujeru, kuma babu abin da ya fi sosa mini rai a sana'ar nan kamar a kawo mini kujera bayan an gama yi mata kwalliya, sannan a ce in faɗi wanda ya ƙera ta.

Hoton da kika turo na gaba ne, kuma fuskar kujera ba ta isa shaida ba. Duk kujerar da ta yi farin jini tsakanin 1950 da 1975, kamfanoni da yawa sun kwaikwaye ta, wasu da izini, wasu babu, har ta kai in an jera su sai mai ido sosai zai bambanta. Mai zane fuska yake yi wa ado, amma masana'anta a ƙarƙashi take barin sawunta. Don haka ki shimfiɗa tabarma, ki kife su ɗaya bayan ɗaya. Ki fara dubawa ko akwai takarda manne ko hatimin tawada. In akwai, kada ruwa ya taɓa wurin, ki ɗauki hotonsa tun bai ƙara lalacewa ba. Sauran wurin ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori. In ya bushe, ki shiga da kujerar ɗaki mai ɗan duhu, ki kwantar da tocilar wayarki a gefe yadda haske zai bi ta kan robar a kwance, ba daga sama ba. Rubutun da aka zuba tare da roba yana da ɗan tudu, kuma hasken gefe ne yake fito da inuwarsa. Sau da yawa wurin da kika rantse babu komai, sai ki ga haruffa sun taso. In sun ci sosai, ki ɗora farar takarda a kai ki goga fensir a hankali, za su fito.

Bari mu fara da abin da aka yi su da shi, domin mu nan komai roba muke ce masa, alhali kujerunki iri biyu ne da ba su haɗa dangi ba. Masu hannun nan da kike ganin zare a jikinsu faiba ce, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro, aka matse a mazubi mai zafi har ya sandare. Faiba tana da nauyi, ba ta lanƙwasuwa, in kin ƙwanƙwasa ta da yatsa za ki ji ƙara mai tauri kamar ta busasshiyar ƙwarya. Masu ruwan lemon kuwa, in har majinginarsu tana ɗan bin bayan mutum in ya jingina, kuma in kin shafa ƙarƙashi kina jin santsi kamar na kyandir, to polipropilin ce, wadda a masana'anta muke taƙaitawa da PP. Ita narkar da ita ake yi, a harba ta cikin mazubin ƙarfe da ƙarfi, ta huce, a fito da ita. Akwai ta uku mai suna ABS, mai ƙyalli da tauri, irin wadda ake yin jikin tsohuwar wayar tarho da ita. Kamfanin Kartell na Italiya ya yi kujerar Joe Colombo da ita a 1967. Ba na jin tana cikin naki, na ambace ta ne don ki san da ita.

Sanin irin robar yana ba ki shekarar da kujera ba za ta girme ta ba. Ita PP, masanin kimiyyar nan na Italiya Giulio Natta ne ya samar da ita a 1954, kuma sai a 1963 aka fito da kujerarta ta farko da ta cika kasuwa. Ke nan masu ruwan lemon ba za su wuce 1963 ta baya ba, ko wa ya gaya miki na zamanin Gwamna ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ki nemi ƴar alamar nan mai kusurwa uku ta kibiyoyi da lamba a tsakiya, wadda ake gani a gindin bokiti da robar ruwa. Sai a 1988 aka ƙirƙiro ta a Amurka. Lamba 5 ita ce PP. In kika gan ta, an zuba kujerar ne daga 1988 zuwa sama, ko da zanenta na da ne.

Wannan kujera ta 1963 ita ce zuciyata ta fara kaiwa gare ta da na karanta bayaninki. Baturen Ingila Robin Day ne ya zana ta, kamfanin Hille na Landan ya yi ta. Mazauni da majingina a haɗe suke, zubi ɗaya, bakinta a naɗe yake ya koma baya don ya ƙara mata ƙarfi, fuskarta tana da ɗan kaushi-kaushi, ƙafafunta na bututun ƙarfe, kuma ana ɗora ta kan ƴar'uwarta. Launukanta na farko uku ne, baƙi-baƙi kamar gawayi, da ruwan toka, da wani ja mai ɗaukar ruwan lemo kamar harshen wuta. An gyara zanen a 1964, an fito da mai hannu a 1967, sannan a 1971 aka fito da ta makaranta mai girma biyar, daga ta ɗan firamare har ta babba, wadda take da rami a majingina don a sa hannu a ɗauka. An sayar da miliyoyinta, an kafa ta a wuraren wasannin Olamfik na Meziko a 1968, shi kansa mai zanen ya je Botswana ya tarar masu kwalekwale sun cire ƙafafunta sun ɗaura mazaunin a cikin jirginsu. Kujerar da ta kai can, ba abin mamaki ba ne ta kai Kaduna, garin da ofisoshinsa da makarantunsa suka daɗe suna sayen kaya daga Ingila. Ta gaskiya tana ɗauke da sunan hille da ƙananan haruffa a zube a ƙarƙashin mazauni, galibi tare da sunan Robin Day. Sukurorin da suka riƙe ƙafafun kuma ba su huda mazaunin sun fito sama ba, suna shiga ne cikin wasu ƴan tuddai da aka zuba tare da robar. An ba kamfanoni a ƙasashe da dama izinin yin ta, don haka kina iya ganin sunan Hille tare da na wani kamfani ko wata ƙasa, wannan ba jabu ba ne.

In babu suna, kada ki karaya, ki karanta sawun mazubi. Akwai wurin da narkakkiyar roba ta shiga, mu muna ce masa cibiya, ɗan tabo ne zagayayye ko ɗan tsini da aka yanke. Akwai wasu da'irori masu girman sisin kwabo, sawun sandunan da suke tunkuɗo kujera daga mazubi ne. A babbar masana'anta za ki gan su a tsare, daidai wa daida, bakin kujerar kuma sumul. Wanda ya kwaikwaya da araha, robarsa ta fi siranta, bakin yana da ƙaiƙayi mai yankan hannu, kuma in kin ɗaga ta a rana haske yana ratsa wasu wurare fiye da wasu. Sannan ki nemi wani ɗan da'ira mai kama da agogo, lambobi 1 zuwa 12 a kewaye da kibiya a tsakiya. Kibiyar wata take nunawa, lambobi biyun da ke gefenta kuma shekara. Ba kowace tsohuwar kujera take da shi ba, amma in kin same shi kin huta, domin watan da aka zuba ta ke nan. Ki duba duka huɗun, kada ki tsaya kan ɗaya. Na sha ganin kujeru shida a gida ɗaya, launi ɗaya, amma biyu daga ciki an sayo su ne daga baya don cike gurbin waɗanda suka karye.

Yanzu masu hannun, waɗanda nake zaton su ne suka ja hankalin dillalin. Uwar wannan zane ita ce kujerar Charles Eames da matarsa Ray Eames, mutanen Amurka. Sun shigar da zanen a wata gasar kayan ɗaki masu araha da gidan adana fasahar zamani na New York ya shirya a 1948, aka fara sayar da ita a 1950. Kamfanin Zenith Plastics na Kalifoniya ne ya fara matse ƙwaryar, Herman Miller na garin Zeeland a jihar Michigan kuma shi ne mai sayarwa. Launukanta na farko ma uku ne, kuma ɗaya daga ciki ruwan madara ne irin wanda kika kwatanta. Daga 1957 kamfanin Vitra na iyalan Fehlbaum ya sami izinin yin kayan Herman Miller don kasuwar Turai, don haka tana iya zuwa nan ta hannun Bature daga Jamus ko Suwizalan, ba lallai daga Amurka ba. Herman Miller ya daina yin ta da faiba a 1989, daga baya aka dawo da zanen da PP, wadda ba ta da zare ko ɗaya.

Ga abin da za ki duba. Ki bi bakin ƙwaryar ta ƙasa da yatsa. Na farko-farko, na shekarun da suka biyo bayan 1950 kaɗan, an binne igiya a cikin bakin, za ki ji ta kuma za ki ga saƙarta. Masu igiyar nan su ne mafi tsufa kuma mafi daraja. Daga baya aka daina sa ta. Ki nemi tambarin Herman Miller a zube a ƙarƙashin mazauni, alama ce mai kama da harafin M mai ƙahoni biyu, wani lokaci da sunan a rubuce. Kusa da shi ana iya samun ƙaramar alamar masana'antar da ta matse ƙwaryar, domin bayan Zenith wasu ma sun yi musu, irin su Summit Plastics masu harafin S da Cincinnati Milacron masu harafin C da tauraro. Amma babbar shaida ita ce yadda aka haɗa ƙwarya da ƙafafu. A ta Eames, wasu baƙaƙen faya-fayan roba mai laushi guda huɗu aka manna a ƙarƙashi da gam, a cikinsu ake ɗaura ƙafafun. Saboda haka in kin kalli mazaunin daga sama ba za ki ga kan noti ko ɗaya ba. Masu kwaikwayo da yawa hudawa suke yi su sa noti ko ƙusa mai kai, wasu kuma, kamar kamfanin Krueger na Amurka, sun yi tasu kujerar faiba mai kama da ita da nasu tsarin ɗauri da nasu suna.

A nan ne zan ja miki kunne, domin abin da ya dace da kujerar da ta tsufa a Turai bai cika dacewa da wadda ta tsufa a Kaduna ba. Zafin watan Maris da Afrilu, da bushewar hunturu, suna busar da gam ɗin faya-fayan nan har su ɓalle. In sun ɓalle, me mai gida zai yi? Zai kai wa mai gyara, shi kuma ya huda ƙwaryar ya zura noti, aiki ya ƙare. Don haka ganin noti a mazauni bai isa a ce kujera jabu ce ba. Ki duba kewayen ramin ta ƙasa da hasken gefen nan. In faifan roba ya taɓa zama a wurin, zai bar zagayayyen tabo, ko ragowar busasshen gam mai launin ƙasa, ko wurin ya fi sauran jikin haske. Na taɓa karɓar wata a hannun ƴan gwangwan, an ɗaure ta da notin keke guda huɗu a kan ƙafafun rodi, kowa ya gan ta ya ce tarkace ce. Da na kife ta na wanke, sai ga da'irori huɗu sun fito sarai kamar an zana da kofi, ga kuma tambarin a tsakiya ƙarƙashin dattin shekaru.

Wannan ya kawo mu ga ƙafafu, kuma ki ɗauke su a matsayin wata tambaya dabam. Ƙwarya ba ta tsatsa, ƙarfe yana yi, musamman in kujera ta sha damina a tsakar gida. Mutanen Panteka kuwa gwanaye ne, babu ƙafar da ba za su ƙera miki ba in kin kai musu samfuri. Sai ki tarar ƙwarya daga wata nahiya, ƙafa daga Tudun Wada. Waldar masana'anta ƙarama ce, lafiyayya, iri ɗaya a kowace mahaɗa. Waldar hannu tana da ƙulli-ƙulli da ƴan ɗigon ƙarfe da suka fantsama a gefe, kuma ba za ki ga mahaɗa biyu sun zo daidai ba. Ki duba takalman da ke gindin ƙafafun, ko na roba ne da aka yi musamman don bututun, ko kuwa guntun taya aka yanka aka cusa. Sannan ki sa a gwada notin da sufana. Kayan Amurka awon inci ne. Na Jamus da Italiya da Faransa da Japan awon milimita ne. Na Ingila na da awon inci ne, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970 suka riƙa komawa milimita. Noti ɗaya ba hujja ba ne don ana canza shi, amma in duka sun zo iri ɗaya kuma tsufansu ya yi daidai da na ƙafar, to sun yi magana.

In Allah ya sa kin sami takarda ko ƙaramin allon ƙarfe da adireshi, ki karanta kowace lamba. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya guda biyar bayan sunan jiha ba zai girmi 1963 ba, don a shekarar aka fara tsarin. In an rubuta W. Germany ko West Germany, an yi ta ne kafin haɗewar Jamus a 1990. Lambar gidan waya ta Jamus mai guda biyar kuwa daga 1993 ta fara. Haka kuma lambobin rajistar ƙirƙira na Amurka a jere suke tafiya, sun kai miliyan 3 a 1961, sun kai miliyan 4 a 1976. In takardar ta jero lambobi da yawa, ki ɗauki mafi girma, kujerar ba ta girmi shekarar wannan lamba ba. In kuma kika ga tambarin NIS na hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1971, to a gida aka yi ta, kuma wannan ma asali ne da ya cancanci a san shi.

Zan gaya miki abin da ya sa nake nanata maganar takarda da tawada. A farkon shigata gyara, wani dattijo ya kawo mini kujerar faiba da ya ce ubangidansa ne ya bar masa ranar da zai koma ƙasarsu. Akwai ɗigon fenti a ƙarƙashinta, na jiƙa tsumma da tina na goge. Da na ɗaga tsumman sai na ga shuɗiyar tawada a jikinsa. Hatimin kwanan wata ne na shafe da hannuna, lamba biyu kawai suka rage. Dattijon bai yi mini faɗa ba, ya ce ba komai, amma har yau in na tuna sai na ji nauyin abin. Tun ranar ban ƙara kusantar ƙarƙashin kujera da tina ko fetur ko kananzir ba sai na gama dubawa da tocila.

Akwai kuma shaidar da ba masana'anta ce ta sa ta ba, Kaduna ce ta sa, kuma ni a wurina ba ta gaza waccan daraja ba. Ofisoshin gwamnati da kamfanoni suna rubuta lambar kaya da fenti a bayan majingina ko a ƙarƙashi, haruffa da ƴan lambobi da aka raba da karan tsaye. Kada a kankare su. In haruffan suna nuni da gwamnatin Jihar Arewa, to kujerar tana garin nan tun kafin 1967. In na Jihar Arewa ta Tsakiya ne, tsakanin 1967 da 1976 aka rubuta su, kafin a mayar da sunan Jihar Kaduna. In kuma na masaƙa ne, ki tambayi Mama wace masaƙar ce, domin masaƙun Kakuri ba daga ƙasa ɗaya masu su suka fito ba. KTL da ta fara aiki a 1957 haɗin gwiwa ce da wani kamfanin saƙa na Ingila, David Whitehead. Arewa Textiles da hannun Japanawa aka kafa ta. UNTL ta 1964 kuma ta ƴan kasuwar Hong Kong ce. Ban da masaƙu, Jamusawa sun yi aikin masana'antar makamai tun 1964, Faransawa sun zo da Peugeot a 1975, Japanawa suka gina matatar mai da aka buɗe a 1980. Kowanne ya zo da kayan kantin cin abinci da na kulob da na gidajen ma'aikata, kuma in za su tafi gwanjo ake yi. Don haka in kika ga rubutun da ba na boko ba a ƙarƙashin masu hannun, kada ki yi mamaki, Japan ma ta yi kujerun faiba masu kyau a wancan zamani, kamfanin Kotobuki ya yi suna a kansu.

Ki zauna da Mama ki tambaye ta a natse. Da fam ya biya ko da naira? Naira ta shigo ne a farkon 1973. A wane gida suke lokacin? Wa take goyo? Mata ba sa manta shekara in an haɗa ta da goyo. Sannan ki ciro tsofaffin hotunan suna da na biki, ki duba bayan mutane, ba fuskokinsu ba. In kika hango kujerun a hoton sunan yayanki, kin sami shekarar da babu shakka suna gidan, kuma za ki ga ko ƙafafun da ke jikinsu yau su ne na wancan lokaci.

Kada ki haɗa su da fararen kujerun haya na gidan biki, waɗanda ƙafa da mazauni duk roba ce zubi ɗaya. Waɗannan ƙannensu ne na nesa. Wani Bafaranshe Henry Massonnet ya fito da irinsu a 1972, kuma sai a shekarun 1980 suka bazu a duniya.

Game da gyara, in an gama bincike, sabulu da ruwa sun wadatar. PP da ta sha rana tana yin fari-fari kamar an barbaɗa mata alli, kuma fenti ba ya kama ta da kyau, bayan ƴan watanni zai fara ɓarewa kamar fatar maciji, ta fi da muni. In kin danna bakinta kin ji tana ƙaƙas, ko kin ga ƙananan tsagu kusa da inda majingina ta haɗu da mazauni, rana ta cinye ta, kada babba ya ƙara zama a kai. Faiba kuwa in fuskarta ta ci har zaren ya fito, tana sa ƙaiƙayi a cinya da hannu, kuma ƙurarta ba ta da kyau ga huhu, don haka kada kowa ya goge ta da samfefa a bushe. Ana wanke ta a jiƙe, a bar ta ta bushe, a shafa mata man kariya marar launi wanda zai kwantar da zaren ya bar launinta na asali. Dukkansu a ajiye su a inuwa.

Shi kuma dillali, ban ce macuci ba ne, sana'arsa yake yi, kuma mai yiwuwa ya hango abin da ku ba ku hango ba. Abin da yake ɗaga kuɗin irin waɗannan kujeru shi ne a same su da launinsu na asali, da ƙafafunsu na asali, da tambari ko takarda, kuma a same su biyu ko huɗu iri ɗaya. Fenti yana karya farashinsu ƙwarai. Kada ki yarda da kuɗin dunƙule a kan duka shida, domin masu hannun da masu ruwan lemon ba kasuwarsu ɗaya ba. Sannan ki tuna kujerun nan kayan gado ne. Ko za a sayar, ko wani zai riƙe, sai an sanar da dukan magada an kuma san ƙimarsu, don kada abin da bai taka kara ya karya ba ya zama sanadin ɓacin rai tsakaninku.

Ki turo mini hoton ƙarƙashin kowace ɗaya gaba ɗayansa, da na duk wani rubutu ko alama da hasken gefe, da na wurin da ƙafa ta haɗu da mazauni, da na bakin masu hannun ta ƙasa, da na gindin ƙafa ɗaya. Ki ajiye rula ko kwalin ashana a gefe don in gane girma, ki kuma sa wa kowace kujera lamba da ƴar takarda don kada hotunan su cakuɗe. Ki gaishe mini da Mama, ki yi mata ta'aziyya a madadina.